Shirinmu Na Zuwa Tsibiran Ikko

Ya ku 'yan makaranta masu karanta wannan shafi, yau za mu ba ku labarin wata tafiya wadda ba mu yi ba tukuna. Kada ku yi mana dariya. Wata bakwai ke nan muna shirinta, mu malamai uku na wata makaranta a ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano, abin da shirin nan ya koya mana kuwa ya isa a rubuta, ko an tafi ko an fasa.

Asalin maganar daga darasin labarin ƙasa ne. Ran nan muna koya wa 'yan aji ma'anar tsibiri, muka ce ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Muka zana a allo, suka kwafa. Sai wani yaro, wanda ya fi kowa tambaya a ajin, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to, mutanen ciki ta ina su ke zuwa kasuwa?" Muka ce da jirgin fito. Ya ce, "Malam ya taɓa shiga?" Aji ya yi tsit. Gaskiya dai ɗaya ce, ba mu taɓa ba. Mun yi shekara uku a kwalejin horon malamai, muna iya zana bakin tekun Afirka ta Yamma da ka, amma idonmu bai taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Tomas faɗi ba.

Wanda ya san ƙasarmu ba zai yi mamaki ba. Gona na jingine da gona tun daga bakin wannan gari har bakin na gaba, ba daji, ba saura. Itatuwan da ke tsaye cikin gonaki, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi. Da rani jakai na kai taki a mangala, da damina kowa na duƙe. Ruwanmu kuwa rijiya ce, sai kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, wanda kan ƙafe kafin bazara. Yaron da ya tashi a nan ya san tazarar shukar gero da dawa da wake tun bai iya karatu ba, amma in ka ce masa akwai garin da ba a shiga sai ta ruwa, ji zai yi kamar tatsuniya ka ke yi masa.

Da muka koma ɗakin malamai muka tattauna, muka ga cewa gani ya kori ji. A ƙasar Girka mutane kan ɗauki hutunsu duka su yi ta tsallakawa daga wannan tsibiri zuwa wancan cikin jiragen fito, su kwana biyu nan, su kwana uku can. Mu ma ƙasarmu tana da bakin teku wajen kilomita 850, me zai hana mu ɗebi manyan yara 12 mu yi irin wannan, daidai ƙarfinmu? Muka zaɓi Ikko, don kuwa Bahaushe ba ya rasa masauki a can. Akwai mutanenmu a Agege da Obalende da Idi-Araba da kasuwar Mile 12, zamansu kuma ba na jiya ba ne, gama tun 1863 Glover ya tara Hausawan da ke Ikko ya kafa 'yar rundunar da sojan Nijeriya ke lissafa asalinsu daga gare ta. Ga shi kuma muna da wani tsohon almajirinmu da ke sayar da albasa a can, shi ne ya zama idonmu da kunnenmu ta wayar hannu.

Muka shimfiɗa taswira bisa tebur, muka kira yaran su gani. Ikko dai ba a bakin teku kaɗai ta ke ba. Akwai wani babban tafki a bayanta wanda ya ke haɗe da teku ta wata ƙofa guda, inda manyan jirage ke shigowa su tsaya a Apapa. Daga tafkin nan kuma wata ƙorama ta miƙa yamma, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku, ta wuce Badagiri har Porto-Novo ta ƙasar Benin. Tsakanin ƙoramar da teku sai doguwar rairayi mai itatuwan kwakwa, wadda ƙananan rafuka suka yayyanka, mutanen wurin na kiran sassanta tsibirai.

Nan muka fara cin karo da abin da littafin aji bai gaya mana ba. Tsibiran da muka fi jin sunansu, watau tsibirin Ikko kansa da Iddo da Ikoyi da Biktoriya, duk yanzu da mota a ke shigarsu. Gadar Carter tun 1901 ta haɗa Iddo da Ikko, gadar Eko ta biyo baya a 1975, ta ukun kuwa, mai tsawon kusan kilomita 12, an gama ta a 1990. Biktoriya ma an yi ta cike fadamar da ke gabashinta har ta manne da Lekki. Yaron nan mai tambaya ya dubi taswira ya ce, "Malam, ashe tsibiri ma yakan daina zama tsibiri?" Muka ce ƙwarai, in mai kuɗi ya so shi. Sabo da haka muka rage wa waɗannan kwana, muka ce yini ɗaya ya ishe su. Mu shiga jirgin fito daga Ikorodu da sassafe tare da masu zuwa aiki, mu ratsa tafkin mu sauka a tsibirin Ikko, yara su ga dogayen benaye da gadar nan ta uku daga ƙarƙashinta, su ga masuntan da suka kafa gidajensu bisa turaku cikin ruwa, shi ke nan.

Rana ta biyu muka ba Tarkwa Bay, wadda ba a zuwa sai ta jirgi. Tana can bakin ƙofar da muka ambata, a bayan ganuwar duwatsun da aka jera cikin teku don kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Ganuwar nan ita ke karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa a ke cewa wurin ya fi sauran bakin tekun Ikko lafawa. A can mu ke so yara su fara tsoma ƙafa cikin ruwan gishiri, iyakar idon sawu, su ga inda ruwa ya haɗu da sama ba tudu ba itace. Wani yaro ya damu da batun alwala, muka je tare da shi wurin liman, liman ya ce ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, haka ya ke a littattafan fiƙihun da a ke karantawa a zaurukanmu. Ya ƙara da cewa mu matafiya ne, muna da ƙasaru. Yaron ya fito yana murna, kamar an ba shi tekun kyauta.

Amma inda zuciyarmu ta fi karkata shi ne Badagiri, nan ne kuma muka fi ɓata tawada. Garin yana yamma da Ikko, kusa da iyakar Benin, ƙoramar nan ta bi ta gabansa. Ku da kuka karanta tarihi kun san cewa daga nan Clapperton da baransa Richard Lander suka tashi a watan Disamba 1825, ba su iso Kano ba sai Yuli 1826, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Watau wata bakwai suka yi a hanya, daidai da abin da muka yi mu muna zaune muna duban taswira. Clapperton ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ajali ya same shi can a 1827, Lander ya komo Badagiri ba tare da shi ba. A 1830 ya sake tashi daga nan tare da ƙanensa, suka bi ta Busa da Yawuri, suka gangara Kwara cikin kwalekwale har suka ga inda ta faɗa teku. Ga masu karatu a makarantun mishan kuwa, garin nan tushe ne. Nan Thomas Birch Freeman ya sauka a 1842, nan ne kuma gidan benen da 'yan mishan suka gama a 1845 ya ke tsaye har yau, wanda a ke kira bene na farko a ƙasar. Mu dai da muka san soraye da benayen ƙasa na birnin Kano muna da ta cewa a kan wannan suna, amma ba za mu yi gardama a gidan mutane ba. Hayin ƙorama akwai tsibirin Topo, inda Faransawa 'yan mishan ɗin Katolika suka kafa mazauni a 1876 suka dasa gonar kwakwa mai yawa.

Akwai kuma tsibirin Gberefu, wanda ya ke fuskantar garin. Shi ne ainihin dalilinmu. A zamanin cinikin bayi, daga bakin Badagiri a kan ɗora mutane a kwalekwale a fitar da su Gberefu, su taka rairayi da ƙafa har bakin teku, inda manyan jirage ke jira. Wurin da su ke barin ƙasa shi a ke kira inda ba a komowa. A cikin gari akwai ɗakunan da a ke tsare su, har da na Seriki Abass, wanda sarautarsa ma kalmarmu ce ta sarki aka ara. Kada ku ɗauka labarin wasu ne can. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa masu yawa, waɗanda yaƙi ko fatauci ya gangaro da su daga arewa. A Bahia ta ƙasar Birazil Hausawa ne suka shirya tawayen bayi na 1807, suka kuma shugabanci waɗansu da suka biyo baya, akwai su ma cikin babban tawayen Musulmi na 1835. Wa ya sani ko cikinsu akwai wanda aka kama yana noman gero a wannan ƙasa tamu? Mu da za mu shiga kwalekwalen nan da kuɗin fitonmu a aljihu, mu je mu komo kafin azahar, ya kamata mu taka wannan rairayi a hankali, mu yi musu addu'a.

To, an san inda za a, saura yaushe. Babban hutu na ƙarshen shekarar karatu ba ya yiwuwa, don tsakiyar damina ne, uban da zai saki ɗansa a bar shi da noma shi kaɗai ba a haife shi ba. Ikko ma ruwan samanta ya fi ƙarfi wajen Yuni da Yuli. Muka tsai da hutun Disamba, an yanke dawa, an cire gyaɗa, hannu ya ɗan yi nauyi. Shi ma yana da nasa. Hazon hunturu yakan sauka har can ya rufe wa matuƙi ido da safe. Akwai kuma wata irin kainuwa mai furen shuɗi, baƙuwa, wadda aka fara gani a ƙoramar Badagiri a 1984, takan shimfiɗu bisa ruwa bayan damina ta naɗe wa inji farfela. Sa'an nan almajirinmu ya gargaɗe mu da cewa jiragen fito na Ikko don ma'aikata aka yi su, ba don masu yawon buɗe ido ba. Da safe suna kwasar mutane zuwa tsibiri, da yamma su komo da su, tsakar rana da ran Lahadi sai su yi ƙaranci. Wanda ya ke son tafiya da rahusa sai ya bi sa'ar ma'aikata. Batun kuɗi kuwa ba za mu gajiyar da ku ba. Mun noma gyaɗa da wake a gonar makaranta, mu malamai mun shiga adashi, kowane uba zai kawo abin da ya samu. Hanya kuma mota ce daga Kano zuwa Ibadan, sa'an nan mu hau sabon jirgin ƙasa da aka buɗe a 2021 zuwa Ebute Metta.

Muka tsara komai a takarda, kwana bakwai cif, kowace rana da jirginta da sa'arta, ba mu bar rana ko ɗaya ba aiki ba, kuɗi kuma ya ƙare daidai da ranar ƙarshe. Har muna yabon kanmu, muna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Muka roƙi dagaci ya tara mana iyayen yara a zaurensa bayan la'asar.

Muka karanta musu takarda, waɗansu na gyaɗa kai. Da muka gama sai mahaifin yaron nan mai tambaya, dattijo ne marar yawan magana, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in tambayi malamai." Dagaci ya ce bismilla. Ya juyo ya ce, "Malam, ka tuna Bagwai?"

Wa zai manta? Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin fito ya taso daga Badau zai tsallaka madatsar Watari zuwa Bagwai, yawancin na cikinsa 'yan makarantar Islamiyya ne za su wajen Mauludi. Ya kife da su, sama da mutum 20 suka rasu, galibinsu yara. Abin da aka fi faɗa shi ne lodi ya fi ƙarfin jirgin. Ba a wata ƙasa mai nisa aka yi ba, nan ne yamma da mu, a cikin zauren nan ma akwai waɗanda suka je ta'aziyya.

Muka ce, "Baba, mun tuna. Shi ya sa muka bincika. A Ikko akwai hukumar da ke lura da hanyoyin ruwa tun 2008, doka ce kowa ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa, an kuma hana tafiyar dare."

Ya ce, "Malam, na ji doka. Ni tambayata ɗaya ce. Ga ka a bakin ruwa da 'ya'yan mutane goma sha biyu, rana ta yi ja, jirgi ɗaya ya rage, ya riga ya cika, riguna ba su kai ba, mai jirgi na cewa ku shigo ba komai. Kuɗin kwana babu a aljihunka, gobe kuma takardarka ta ce kuna wani wuri. Za ka shiga ko ba za ka shiga ba?"

Mu uku muka dubi juna. Da baki, kowa zai ce ba zai shiga ba. Amma takardar tana hannunmu, mu muka rubuta ta, mun kuwa san ba mu bar wa kanmu ƙofar ƙi ba. Duk inda jirgi ya makara, ko hazo ya sauka, ko kainuwa ta tare hanya, tsarin nan namu shi zai tura mu cikin jirgin da bai kamata ba, don kada sauran kwanaki su rushe. Muka ce, "Baba, ba mu da amsa yau. A ba mu mako biyu." Ya ce, "Allah ya kai mu." Aka yi addu'a aka tashi.

Mun ji kunya, ba ma ɓoye muku, don a gaban iyayen almajiranmu aka yi. Amma da muka zauna muka sake duba takardar, sai muka ga mun tsara tafiyar ruwa da hankalin mutanen tudu. A wurinmu in mota ta cika sai ka tsaya gindin tsamiya ka jira wata, in ta lalace ka sauka ka taka, in dare ya yi ka yi sallama a kowane zaure. A tsibiri ba haka ba ne. Wanda bai shirya kwana ba, dole ya shiga abin da ya samu.

Muka yaga takardar muka sake wata. Muka cire Topo, ko da ya ke ran ɗayanmu bai so ba, muka ce a hange shi daga ƙorama ya isa. Muka cire waɗansu ƙauyukan rairayi biyu da muka so mu tsaya a kan hanya. Kwana bakwai ɗin na nan, amma biyu daga ciki muka bar su fanko, ba a rubuta musu kome ba, don in wata rana ta ƙi, a ɗauko ɗaya a maye. Muka keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, muka sa masa suna kuɗin fasawa, ba a taɓa shi don abinci ko tsaraba, sai don kwanan da ba a shirya ba ko motar da za ta maye jirgi. Badagiri da ma tana da hanyar mota, in ruwa bai yi ba sai mu bi ta. Muka rubuta cewa ba mai shiga ruwa bayan azahar in komowa ce daga tsibiri, kuma malami ɗaya zai fara shiga ya ƙirga wuraren zama da riguna kafin yaro ko ɗaya ya ɗaga ƙafa. Da muka ji rigunan da ke tashoshi yawanci na manya ne, muka aika wa almajirinmu ya sayo mana daidai jikin yara, ya ɗoro su a motar albasa mai komowa. Abin da rigunan suka ci shi ne kuɗin tsarabarmu mu malamai, iyalanmu sun riga sun ji labari, ba su kuwa yi murna ba.

Ran Asabar uku a jere muka kai yaran bakin madatsar Tomas, muka roƙi waɗansu masunta su koya musu zama cikin kwalekwale, da yadda a ke ɗaura riga, da yadda mutum zai kwanta rigingine bisa ruwa kada ya yi ta fafutuka. Mu ma muka shiga layi. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi kowa iya zana taswira, shi ya fi kowa shan ruwa, yara suka yi ta ƙunshe dariya.

Da mako biyu ya cika muka koma zauren dagaci da sabuwar takarda da rigar ruwa guda. Iyaye 11 suka yarda nan take. Dattijon nan ya karɓi rigar, ya jujjuya ta, ya ja igiyoyinta da ƙarfi, ya sa aka karanta masa wurin kuɗin fasawa sau biyu. Sa'an nan ya ce, "Malam, wannan ta fi waccan. Amma uwar yaron ba ta yarda ba tukuna, ɗiyar ƙanwarta na cikin na Bagwai. Ba zan tilasta mata ba. A ara mini rigar nan in kai mata ta gani." Muka ce ya tafi da ita.

Yau saura mako biyar a ba da hutu. Sunaye 11 mun rubuta su da tawada, na yaron da ya jawo tafiyar duka yana nan da fensir a ƙasan takarda. Shi kuwa bai fasa zuwa Tomas ran Asabar ba, jiya ma ya tsare mu a bakin aji yana tambaya ko ruwan ƙoramar Badagiri na gishiri ne ko na daɗi. Rigar dai har yanzu tana gidansu, ba a komo da ita ba.